Murhun Da Ke Zubar Da Ruwa: Yadda Ake Jan Bututun Gas Bisa Ƙa'ida A Gidajen Amurka Da Kanada

Ranar da aka raba mana batutuwan semina, abin da ya faɗo hannuna shi ne yadda ake jan bututun gas zuwa murhun ɗumama gida a Amurka da Kanada, da ƙa'idojin da ake bi wajen aikin. Malam na gama karantawa aji ya kwashe da dariya. Watan Afrilu ne, babu wuta, fanka a tsaye cik, kowa na fifita da littafinsa. Wani daga kujerun baya ya ce, "Malam, mu da zafi ke nema ya hallaka, ina mu ina ɗumama gida?" Malam ya yi kamar bai ji ba. Ni ma dai, tsakani da Allah, abin da ke raina ke nan.

Mako uku na yi ina fama da batun, kuma kafin in gama dariya ta bar bakina. Kusan kowane layi a kundayen ƙa'idarsu, in ka bi salsalarsa, za ka tarar wata hanya ce da gas ya taɓa bi ya ƙone gida ko ya kashe mutum cikin barci, aka zo aka toshe ta da doka. Na kuma ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye, mu da gobe za a ba mu aiki mu sa hannu: wuta tana iya kamawa sarai, murhu ya yi ta aiki, alhali kuwa an yi aikin ba daidai ba. Shi ya sa na ga ya dace in kawo muku shi nan da Hausa, ba da turancin semina ba.

Wane irin murhu ne wannan?

A garuruwa irin su Shikago, Miniyafolis da Winifeg, sanyin hunturu yakan wuce digiri 20 ƙasa da sifili. Gidan da ba a ɗumama ba, ruwan famfo daskarewa yake yi ya fasa bututu, mutum kuwa ba ya iya kwana a ciki. Don haka yawancin gidaje suna da wani akwatin ƙarfe, tsayinsa kamar zuwa ƙugun mutum, galibi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. A cikinsa ake ƙona gas. Wutar tana bi ta cikin wasu lanƙwasassun bututun ƙarfe tana zafafa su, babbar fanka kuma tana hura iskar gida ta jikinsu ta waje, iskar ta kwashi zafi ta bi magudanai zuwa kowane ɗaki. Sharaɗi na farko shi ne hayaƙin da ke cikin bututun nan kada ya taɓa haɗuwa da iskar da mutane ke shaƙa.

Ana auna ingancin murhu da wani ma'auni da ake taƙaitawa AFUE, wato kashi nawa cikin ɗari na zafin gas ɗin da ka saya ya tsaya a cikin gida a tsawon shekara. Murhun da aka saba da shi yana ba da kashi 80, sauran 20 su bi hayaƙi su tafi sama. Na zamani, wanda ake kira mai babban inganci, yana ba da kashi 90 zuwa 98.

Ina yake samo wannan ƙarin? Ku tuna kimistirin sakandare. Gas ɗin da ake turawa gidaje ta bututu mafi yawansa mesen ne, kuma in ya ƙone yana ba da kabon dayoksaid da ruwa. Kilo ɗaya na mesen yana haifar da ruwa kilo biyu da kwata. Ruwan nan yana fita ne a matsayin tururi, ɗauke da kusan kashi goma cikin ɗari na zafin gas ɗin. Sai aka ƙara wa sabon murhu jerin bututu na biyu, na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ke sanyaya hayaƙin har ƙasa da digiri 55 ko makamancin haka. A nan tururin yake komawa ruwa, ya saki zafin da ke jikinsa a cikin gida. Abin da ya sa murhun ke zubar da ruwa ke nan.

To amma kowace riba da kuɗinta. Hayaƙin ya huce, ba zai iya tashi sama da kansa ba, sai wata ƙaramar fanka ta tura shi. Ruwan da ke fita kuma yana da asid, yana cin ƙarfe da siminti. Ka ga ke nan wanda ya cire tsohon murhu ya dasa sabo, ba akwati kawai ya canja ba. Hanyar gas, hanyar hayaƙi, hanyar iska da hanyar ruwa duk sai an sake duba su. Kuma aikin ƙaruwa yake yi: Kanada ta hana sabon murhun da bai kai kashi 90 ba tun ƙarshen 2009, a 2023 kuma Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta fitar da dokar da ta tsara cewa daga ƙarshen 2028 sababbin murahun cikin gida su kai kashi 95.

Wa ke da dokar?

A Amurka manyan kundaye biyu aka fi bi: NFPA 54, na ƙungiyar kare gobara ta ƙasar, da IFGC, na majalisar da ke tsara ƙa'idojin gini. Ana sabunta su duk bayan shekara uku. A Kanada kundinsu CSA B149.1 ne. Kundin ba ya zama doka sai jiha ko lardi ko birni ya ɗauke shi, wani lokaci da gyare-gyarensa, shi ya sa tambayar farko da ma'aikaci ke yi ita ce, wane bugu ake bi a garin nan? Ban da haka, kundin da kansa ya ce a girka na'ura yadda littafin kamfanin da ya ƙera ta ya faɗa. Wato wannan littafin da mu nan muke jefarwa tare da kwali, a can saɓa masa saɓa wa doka ne. A yawancin wurare sai an karɓi takardar izini kafin a fara aiki, sufeto kuma ya zo ya duba kafin a rufe bango.

Ba haka kawai suka tashi da wannan tsanani ba. Ranar 18 ga Maris, 1937, wata makaranta a garin Niyu Landan da ke jihar Tekzas ta tarwatse, mutum kusan 300 suka rasu, mafi yawansu yara. Gas ne ya yi ta zuba a ƙarƙashin ginin ba wanda ya ji, domin shi gas ɗin asali ba shi da wari. Bayan wannan ne jihar ta wajabta zuba masa wani sinadari mai ɗoyi, sauran wurare suka bi. Warin nan da kake ji in tukunyar gas ɗinka na yoyo, da gangan aka sa shi, kuma sai da aka yi asarar rayuka kafin a sa.

Lissafin faɗin bututu

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne na fi jin daɗi.

Gas ɗin da ke shiga gida bayan mita matsinsa ɗan kaɗan ne ƙwarai. Ana auna shi da incin ruwa: ka samu siririn tiyo ka lanƙwasa shi kamar harafin U, ka zuba ruwa, ka haɗa gefe ɗaya da bututun gas, ka ga inci nawa ruwan ya ɗaga. Yawanci inci 7 ne, wato kusan rubu'in psi ɗaya. Tayar mota tana ɗaukar psi talatin da wani abu. Da bakinka ma za ka iya hura abin da ya fi matsin gas ɗin nan. A cikin murhu kuma bawul yana ƙara rage shi zuwa inci 3.5 kafin ya isa bakin wuta.

Tunda matsin kaɗan ne, ba a da na asara. Duk tsawon bututu, duk gwiwa, duk lanƙwasa, suna cin wani abu daga cikinsa. Jadawalin da aka fi amfani da shi an gina shi ne a kan kada asarar ta wuce rabin incin ruwa daga mita zuwa na'ura mafi nisa. Ga yadda ake yi, mataki uku.

Na farko, a duba farantin da ke jikin kowace na'ura a ga yawan zafin da take ci a awa, da ma'aunin BTU. Ƙafa kubik ɗaya ta gas tana ba da kusan BTU 1,000, saboda haka a raba da dubu. Na biyu, a auna tsawo daga mita zuwa na'urar da ta fi kowace nisa. Na uku, a ɗauki layin wannan tsawon a jadawali, a yi amfani da shi ga kowane sashe na bututun gidan, har da na kusa da mita.

Mu ɗauki gida mai murhun ɗumama na BTU 80,000, da tankin dafa ruwa na 40,000, da kukar girki ta 65,000. Wato ƙafa kubik 80, da 40, da 65 a awa, jimla 185. A ce na'ura mafi nisa tana ƙafa 60 daga mita. A layin ƙafa 60, jadawalin baƙin bututun ƙarfe ya ce mai faɗin rabin inci yana ɗaukar 65, mai inci uku bisa huɗu 137, mai inci ɗaya 257, mai inci ɗaya da kwata 528.

Babban layin da ya fito daga mita yana ɗauke da 185, don haka uku bisa huɗu ya gaza, sai inci ɗaya. Reshen murhu yana buƙatar 80, rabin inci kuwa 65 ya tsaya, saboda haka sai uku bisa huɗu. A nan mutane da yawa ke faɗawa rami. Bakin bawul ɗin murhun kansa yawanci rabin inci ne, sai mai aiki ya ga haka ya ja rabin inci tun daga babban layi, yana ganin ya dace. Faɗin bakin na'ura ba shi ke faɗa maka faɗin bututu ba. Jadawali ne.

Yanzu a ce maigidan ya cire tankin, ya sa na'urar dafa ruwa ta nan take, irin wadda ba ta da tanki, mai cin BTU 199,000. Jimla ta koma 344. Babban layi mai inci ɗaya da ya wadatar jiya, yau ya gaza, sai inci ɗaya da kwata, kuma ita kanta mitar sai an duba ko za ta iya. Shi ya sa ƙa'ida ta ce duk lokacin da za a ƙara na'ura a sake duba bututun da ke akwai, a tabbatar zai ɗauki sabon nauyin.

Abin tsoro game da ƙaramin bututu shi ne ba ya nuna kansa ranar da aka gama aiki. Ka kunna murhu shi kaɗai da rana, wuta ta kama shuɗiya, maigida ya biya ka, ka tafi. Sai daren da sanyi ya fi tsanani, murhu na ci, ana wanka, ana girki, matsi ya faɗi ƙasa da abin da farantin murhu ya nema. Sai wuta ta riƙa jinkirin kamawa har gas ya taru ta kama da ƙara, ko ta ci ba daidai ba, ko murhu ya kashe kansa da tsakar dare a bar yara cikin sanyi.

Gidajen karkara da bututun gari bai isa ba suna amfani da furofen daga tanki, ɗan uwan gas ɗinmu na girki. Shi matsinsa inci 11 ne, ƙafa kubik ɗinsa kuma tana ba da kusan BTU 2,500. Jadawalinsa daban, kuma murhun da aka ƙera don gas ɗin bututu sai an canja masa ƙananan ramukan da gas ke fita ta cikinsu, an daidaita bawul, kafin a ba shi furofen. In ba haka ba zai ci fiye da kima, ya yi baƙin hayaƙi, ya fitar da guba.

Ƙafa shida na ƙarshe

In sufeto ya shigo, wurin da bututu ya isa murhu yake fara kallo. Abubuwa huɗu yake nema.

Bawul na rufewa da hannu: a ɗaki ɗaya da murhu, kada ya wuce ƙafa 6 daga gare shi, a inda hannu zai kai. In abu ya ɓaci ba a tsaya neman tsani ba.

Aljihun datti: bayan bawul ɗin, dab da murhu, ana sa mahaɗa mai baki uku. Gas ya sauko daga sama, ya karya kwana ya shiga murhu, ƙasan mahaɗar kuma a ɗaura ɗan guntun bututu a rufe ƙarshensa. Tsatsa da ɓarɓashin ƙarfe da danshi ba sa iya karya kwana kamar iska, sai su faɗa aljihun. Ɗan ƙaramin abu ne mai arha, amma ƙwayar datti ɗaya in ta maƙale a bawul ɗin murhu tana iya hana shi rufewa ruf.

Mahaɗar kwancewa: tsakanin bawul da murhu, don a iya cire murhu ba tare da yanka bututu ba. Ba a ɓoye irinta cikin bango, saboda wurin da aka fi tsammanin yoyo ne.

Tiyon ƙarfe mai lanƙwasuwa: in an yi amfani da shi, kada ya wuce ƙafa 6, kada ya ratsa bango ko daɓe, kuma ba a cusa shi ta ramin jikin murhu. Murhu yana girgiza in fanka na juyawa, kaifin kwanon jikinsa zai yi ta goga tiyon har ya huda shi. Sai a fito da bututu mai tauri daga ciki tukuna, a haɗa a waje. Tsohon tiyo kuma ba a mayar da shi kan sabon murhu.

Batun kayan aiki: baƙin bututun ƙarfe shi ne na gargajiya, ana tallafe mai rabin inci duk ƙafa 6, mai uku bisa huɗu da mai inci ɗaya duk ƙafa 8. Bututun roba na gas, mai launin rawaya, a ƙarƙashin ƙasa kawai ake binne shi, a wajen gida. Farin bututun PVC da muke jan ruwa da shi ba a kai gas da shi sam. Akwai kuma wani siririn bututun ƙarfe mai ƙunƙumai da ake kira CSST, mai saurin ja kamar waya. An gano cewa in aradu ta faɗi kusa da gida, wutar tana iya tsallakawa ta huda jikinsa saboda rashin kauri, gobara ta tashi cikin bango. Daga bugun 2009, NFPA 54 ya wajabta a ɗaure shi da wayar tagulla mai kauri, lamba 6, zuwa tsarin da ke sauke wutar gidan a ƙasa. 'Yan sashen lantarki, kun ga inda aikinku ya shigo.

Gwaji kafin a saki gas

Sabon bututu ba a sa masa gas sai an gwada shi. Ana toshe duk bakunansa, a hura masa iska ko naitirojin har matsi ya kai ninki ɗaya da rabi na wanda zai yi aiki da shi, amma kada ya gaza psi 3. A gidan iyali ɗaya ana barinsa aƙalla minti 10, allurar geji kada ta sauka. Wasu garuruwan sun fi haka tsanani, psi 10 suke nema na minti 15. Iskar oksijin haramun ce a wannan gwaji, masu walda sun san dalili: ta haɗu da maiƙo, sai wuta.

Akwai kuskuren da sababbin hannu ke yi. Bawul ɗin cikin murhu ba ya jure fiye da rabin psi. In ka yi gwajin psi 3 murhu na haɗe, ka lalata shi, kuma wataƙila ba za ka gani a take ba. Sai an raba murhu da layin an toshe bakin tukuna. Bayan an saki gas kuma a bi kowace mahaɗa da ruwan kumfa ko na'urar shinshina gas. Kundin ya rubuta ƙarara cewa ba a neman yoyo da ashana ko kyandir ko wata wuta. Da na karanta wannan layin sai na tuna wani maƙwabcinmu a gidan haya, wanda in ya ɗaura regileta sai ya kyasta laita ya zagaya bakin tukunya, ya ce haka ake ganewa. Har yanzu yana raye, amma ba don iyawarsa ba.

Hanyar hayaƙi da hanyar ruwa

Tunda hayaƙin ya huce, ana fitar da shi da bututun roba mai tauri ta jikin bango, irin wanda kamfanin murhu ya amince da shi. A Kanada dole ya kasance mai shaidar ULC S636. Yawanci bututu biyu ne, ɗaya na shigo da iskar ƙonawa daga waje, ɗaya na fitar da hayaƙi. Na hayaƙin ana karkata shi ya gangaro wajen murhu, rubu'in inci a kowace ƙafa, don ruwan da ya taru ya komo ya bi magudana. In ya yi ciki a tsakiya, ruwa ya kwanta, ya toshe hanya. Fanka ce ke tura hayaƙin da ƙarfi, don haka duk mahaɗar da ba a liƙe da kyau ba cikin gida za ta riƙa feso shi.

Bakin bututun a waje sai ya ɗara ƙasa da inci 12 aƙalla, kuma ya kasance sama da inda dusar ƙanƙara ke kaiwa, ya kuma ba taga da ƙofa tazarar da aka ƙayyade. A Janairun 2005, a garin Filimos na jihar Masachusets, dusar ƙanƙara ta toshe bakin bututun hayaƙin wani gida, wata yarinya 'yar shekara bakwai ta rasu. A shekarar jihar ta yi dokar da ta wajabta sa na'urar ƙararrawar kabon monoksaid a gidaje, aka sa wa dokar sunan yarinyar. Wannan iska ba ta da wari, ba ta da launi. Ciwon kai take fara sawa, da jiri da kasala, mutum ya ce bari ya ɗan kwanta. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce tana kashe mutum sama da 400 a ƙasar duk shekara, ban da na gobara.

Ga wani tarko da ban taɓa tunaninsa ba. A tsofaffin gidaje, murhu da tankin dafa ruwa suna raba dogon bututun hayaƙi guda na bulo. In aka cire murhu aka fitar da hayaƙin sabon ta bango, sai a bar tanki shi kaɗai, har maraya suke ce masa. Ɗan hayaƙinsa ba ya iya zafafa wannan ƙaton rami, sai ya huce a hanya, ya jiƙa bulo, wani lokaci ya juyo cikin gida. Maganinsa a zura siririn bututun ƙarfe daidai girman tankin a cikin ramin. Ka ga mutum bai taɓa tanki ba, amma aikinsa ya mayar da shi abin haɗari.

In kuwa murhu daga cikin ɗaki yake shan iska, ƙa'ida tana neman fili ƙafa kubik 50 ga kowane BTU 1,000. Murhunmu na 80,000 shi kaɗai yana son ƙafa kubik 4,000, in babu sai a buɗe masa kafofin iska. Ruwan asid ɗin kuma da bututun roba ake kai shi magudana, a kare shi daga daskarewa, wasu wurare har sai an bi da shi ta cikin tsakuwar farar ƙasa ta kashe asid ɗin.

To, mu ina ruwanmu?

Ba na jin ɗayanmu zai girka irin wannan murhu a Kano ko Katsina. Amma gas yana ƙara shigo mana. Tun 2020 aka fara shimfiɗa bututun AKK, daga Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, kilomita 614, don tashoshin wuta da masana'antu. Motoci da Keke Napep ana ta mayar da su masu amfani da gas. Otal-otal da gidajen abinci da sababbin gidaje suna ajiye manyan tukwane a waje su ja bututu zuwa kicin. Wa zai yi waɗannan ayyuka? Mu ne. Kuma dokar matsi da faɗin bututu ba ta san ƙasa ba.

Tun kafin nan ma, dubi ɗakunanmu na haya. Tiyo ya tsattsage an naɗe shi da leda. Maimakon kilif an ɗaure da robar taya. Tukunya a ƙarƙashin gado, alhali gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya yana jiran tartsatsi. Janareta a baranda dab da taga, kaskon gawayi a ɗaki an rufe ƙofa da sanyin hunturu: wannan ita ce dai iskar da ta kashe yarinyar can, sai dai mu babu ƙararrawa. In ka ji warin gas, kada ka taɓa makunnin lantarki, ka rufe tukunya, ka buɗe ƙofa da taga, ka fita. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Lokacin da nake SIWES na taɓa nuna wa ogana wata mahaɗa da na ga ba ta zauna daidai ba. Ya dube ni ya ce, "Yaro, ba ga shi yana aiki ba?" Na yi shiru, don ba ni da abin da zan kafa hujja da shi. Yau ina da shi. A ranar 13 ga Satumba, 2018, a garin Lorens da maƙwabtansa biyu a Masachusets, ana cikin canja tsofaffin bututun titi sai gas mai matsi mai yawa ya kwararo cikin layin gidaje. Gine-gine sama da 130 suka lalace, wani matashi ya rasu. Masu bincike sun gano cewa a zanen aikin an manta da siraran bututun da ke gaya wa regileta yawan matsi, kuma babu injiniya mai lasisi da ya duba zanen ya buga hatimi. Kafin shekarar ta ƙare jihar ta wajabta wannan hatimi.

Watanni kaɗan suka rage mu karɓi sakamako mu fita. Wata rana wani zai miƙo mana takarda ya ce, sa hannu, ai yana aiki. Kafin ka sa, ka tambayi kanka: na yi lissafin bututun? Na gwada da geji? Hayaƙin ina yake fita? Na karanta littafin kamfani? In akwai wadda amsarta a'a ce, ajiye biron tukuna. Oga zai ɓata rai, mai aiki zai ce ka cika tsirfa, amma a gidan nan akwai waɗanda za su kwanta barci sun dogara da kai ba su ma san sunanka ba.

Allah Ya kiyaye mu, Ya sa mu gama lafiya.